Waƙa Na Nan, Sunanta Ya Ɓata: Sharhi Kan Taskar Waƙoƙin Memori a Shagari

Idan ana neman inda aka fi tara waƙoƙin Hausa a garin Shagari, ba makaranta za a nufa ba, ba kuma sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Rumfar mai cajin waya za a nufa, irin waɗanda ake gani a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga, ya bi ta Shagari ya miƙe Tambuwal da Jega. Saurayi ne zaune bayan tebur, tsohuwar laftof a gabansa, allon soket cike da wayoyin mutane a gefe, janareta na ruri a baya. Wasu na kiran irinsu masu tura waƙa, wasu 'yan daunlodin. Lissafin abin da ke hannunsu ba wuya gare shi. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait 1 a kowane minti, wato katin memori mai giga 8 zai ɗauki sauti na sama da awa 130, abin da a da sai an haɗa kaset mai minti 90 kusan guda 90. Kwamfuta mai giga 500 kuwa ta haura kaset 5,000. Ko a lokacin da kasuwar kaset ke tashe, da wuya ka sami mai shagon da ya jera haka.

Tarawa ta yi sauƙi. Nemowa ce ta zama aiki.

Ranar kasuwa dattijo zai shigo daga ƙauye, ya zaro memori daga cikin 'yar takardar da ya naɗe shi, ya miƙa.

"Yaro, sa mini Ɗan Anace, ta Shago."

"Wacce daga ciki, Baba? Akwai doguwa, akwai gajera."

"Wadda aka yi cikin jama'a, ana jin ihu."

Yaron ba zai rubuta komai a gurbin bincike ba, don ya san ba abin da zai fito. Folda zai buɗe mai suna "Gargajiya", a cikinta ya buɗe wata mai suna "Sabbi", wadda ta shekara biyar da tsufa, a ciki kuma ya tarar da fayiloli masu sunaye irin su Track 07 da AUD da dogon jerin lambobi. Sai ya riƙa danna su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar shi ya yi 'yan daƙiƙu, idonsa na kan fuskar dattijon, har tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya! Ita ta."

A lura da abin da dattijon ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Ya faɗi mawaƙi, ya faɗi wanda aka yi wa waƙar, ya faɗi yanayin da aka yi ta. Bai ambaci faifai ba, bai ambaci shekara ba, ko sunan waƙar ma bai kama ba. Ita kuwa manhajar sauraron waƙa, ta waya ce ko ta kwamfuta, abubuwan da bai faɗa ɗin nan su take nema, waɗanda ya faɗa kuma, in ka cire sunan mawaƙi, ba ta tanadar musu gurbi ba. A ganina daga nan duk hargitsin da ke cikin wayoyinmu ya samo asali. Kasala ta taimaka, rashin sani ya taimaka, amma ba su ne tushe ba.

Kowane fayil na waƙa suna biyu gare shi. Akwai na waje, wanda ake gani idan an buɗe folda. Akwai kuma bayanin da aka cusa a cikin jikinsa, wanda ake kira ID3. Tsarin MP3, da masu bincike na cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, sauti zalla ya zo da shi, babu wurin rubuta suna. A 1996 ne wani mai suna Eric Kemp ya liƙa masa 'yar wutsiya mai bait 128: harafi 30 na sunan waƙa, 30 na mawaƙi, 30 na faifai, 4 na shekara, ɗan gurbin ƙarin bayani, sai lamba guda mai nuna nau'in kiɗa. Harafi 30 ɗin nan ko sunan Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina bai isa ba, a tsakiyar Katsina zai yanke. An faɗaɗa tsarin a 1998 har ya iya ɗaukar dogon rubutu da hoto da sunan marubucin waƙa, amma ginshiƙan ba su canja ba: mawaƙi, faifai, lambar waƙa a cikin faifan, shekara, nau'i. A kansu Winamp da ya fito a 1997 da iTunes da ya fito a 2001 suka dogara, su kuma manhajojin da ke zuwa cikin Tecno da Itel da Infinix suka gada.

Idan ka sa memori a waya, manhajar bin fayilolin take ɗaya bayan ɗaya, ta karanta bayanin cikinsu, ta gina nata kundin. A shafukanta na mawaƙa da faifai, ba ruwanta da wahalar da ka sha wajen shirya folda. Shi ya sa za ka buɗe shafin mawaƙa ka tarar da ɗaruruwan waƙoƙi a ƙarƙashin wani mai suna Unknown Artist, wanda da mutum ne, da ba a taɓa yin mawaƙi mai yawan waƙarsa ba a ƙasar Hausa. Inda aka cike gurabun ma tsugune ba ta ƙare ba. Shafukan intanet da ake sauko da waƙoƙin zamani daga cikinsu sun mai da gurabun allon talla: sunan shafin a gurbin mawaƙi, sunan shafin a gurbin faifai, tambarin shafin a gurbin hoto. Wani mai shagon lambar wayarsa zai sa. Sai ka ga Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa da Aminu Ala duk sun dunƙule sun zama mutum ɗaya, shi kuma Umar M. Shareef ya rabu gida shida, gwargwadon hannayen da waƙoƙinsa suka ratsa.

Wannan duk mai gyaruwa ne, don waƙoƙin zamani sun yi kusa da tsarin da aka gina manhajar a kai: akwai situdiyo, akwai suna, akwai shekara, wasu akwai fim ɗin da suka fito a ciki. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Waƙar baka ce ba ta shiga ma'aunin.

Jerin nau'o'in kiɗa na farko da aka sa wa ID3 guda 80 ne, irin su buluz da jaz da disko da rege. Gurabun da suka fi kusa da mu a ciki su ne wanda aka yi wa laƙabi da kiɗan ƙabila da wanda ake jefa tarkace, wato "sauransu". Alhali Bahaushe na da nasa rabon, wanda masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka tsara a rubuce, kuma kowane tsoho a Shagari ko Sifawa ya san shi ko bai karanta ba. Ana raba makaɗa ne da waɗanda suke yi wa waƙa da kuma abin kiɗansu. Ga makaɗan fada: Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi da taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar III, Musa Ɗanƙwairo na Maradun, Sa'idu Faru. Ga makaɗan maza: Ɗan Anace na 'yan dambe, Kassu Zurmi na 'yan tauri, har da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ga na noma da sauran sana'o'i. Ga makaɗan jama'a irin su Shata da kalangu da Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Ga Barmani Choge da amada da kiɗan ƙwarya. Yawancin sunayen farkon nan daga tsohon Lardin Sakkwato suka fito, don haka a wannan yanki ba kayan tarihi ba ne da ake tunawa da su jefi-jefi. Su ɗan kabu-kabu ke ji, su ake ji a teburin mai shayi da bakin gona.

Gaskiya ne wasu daga cikinsu, kamar Shata, sun yi faifan garmaho da kamfanoni irin su EMI. Amma da yawa daga abin da ke yawo a memori ba daga faifai ya fito ba. Wani daga ɗakin ajiyar gidan rediyo ya fito, Kaduna ko Rima, wani kuma kaset ne da mai rikoda ya ɗauka a gidan biki ko filin dambe, aka kwafa, aka sake kwafa, kafin wani ya juye shi cikin kwamfuta. Me za a rubuta a gurbin faifai? Me za a rubuta a lambar waƙa?

Batun suna ya fi wannan sarƙaƙiya. Makaɗin baka ba ya raɗa wa waƙarsa suna kamar yadda marubuci ke yi wa littafi. Jama'a ne ke kiran ta, wani da gindinta, wato abin da 'yan amshi ke maimaitawa, wani da sunan wanda aka yi wa ita, wani da sarautarsa, wani da wata magana da ta burge shi a tsakiya. Waƙa ɗaya sai ta zauna cikin kwamfuta ɗaya da suna uku. Akasin haka ma na faruwa. Narambaɗa na da Bakandamiya, Shata ma na da tasa, kuma Shata bai rera tasa sau ɗaya ya ajiye ba. Makaɗin baka duk inda ya sake rera waƙa gindin ne kawai ke zama daram, ɗiyan kuwa wasu su shigo wasu su fita, gwargwadon wanda ke zaune a wurin da wanda ya yi kyauta da abin da ya faru a garin. Kowace rerawa waƙa ce mai zaman kanta.

A nan ne nake jin tsoron manhajojin nan masu alƙawarin share maimaici don a sami fili. Wadda ke gwada fayil da fayil ta cire wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa bait da bait, ba laifi. Amma wadda ke duba suna kawai, in ta ga Bakandamiya biyar sai ta bar ɗaya ta share huɗu, kuma tana yiwuwa a cikin huɗun akwai ɗaukar da ba ta rage a hannun kowa ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991. Ba mai sake zuwa ya rera. Haka nan masu gyara da hannu, waɗanda ke share tsohuwar ɗauka saboda tana da ƙara ko shuuu ɗin kaset, su bar wadda aka wanke a situdiyo aka ɗora mata amon da ba nata ba. Ihun 'yan kallo da guɗa da muryar sanƙira ba datti ba ne, su ne shaidar inda aka yi waƙar.

Sai rubutun sunayen mawaƙan. Mu mutane ne masu girmama na gaba, ba ma kiran babba gatsau, kuma haka ya dace. Sai dai manhaja da harafin farko take jerawa. Sakamakon haka rabin mawaƙan ƙasar Hausa suna cunkushe a ƙarƙashin A saboda Alhaji, saura a M saboda Marigayi ko Malam, wasu a D saboda Dakta. Ɗanƙwairo kaɗai za ka same shi a Dankwairo da Dan Kwairo da Musa Dankwairo da Alh. Musa, kowanne manhaja ta ɗauke shi mutum dabam. Haruffanmu masu lanƙwasa sun ƙara wa abin nauyi. Tsohon tsarin ID3 bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya mai da su alamar tambaya ko wani akwati. Sabon ya san su, amma manhajoji da yawa ba su ɗauki ɗ a matsayin 'yar'uwar d ba, don haka wanda ya rubuta "dan" a gurbin bincike ba zai ga "ɗan" ba, wasu kuma su jefa duk sunan da ya fara da Ɗ can ƙasan Z. Ina cikin masu kishin a rubuta Hausa da ƙa'idarta, amma a nan sassauci nake ba da shawara: sunan fayil na waje a rubuta shi da haruffan da kowace na'ura ke ganewa, a bar lanƙwasa ga bayanin ciki.

Akwai kuma abin da waɗanda suka ƙera manhajojin ba su taɓa kawowa a ransu ba, wato a memori ɗaya ake ajiye waƙa da karatun Alƙur'ani da tafsiri da wa'azi da bege. Ga manhaja duk sauti ɗaya ne. Ka danna maɓallin gauraya, sai ƙira'ar Minshawi ta ƙare kalangun dambe ya biyo baya, ko kana tsakiyar jama'a da sifika saƙon muryar da iyali suka turo ta WhatsApp ya faɗo. Wanda abin ya taɓa samu a gaban surukai ba ya buƙatar ƙarin bayani. Maganin wannan na ƙarshe ƙarami ne: a wayar Android, idan aka ajiye fayil maras komai mai suna .nomedia a cikin folda, manhajojin waƙa sai su tsallake ta. Surori 114 ma na da tasu matsalar. Wanda ya sa musu lamba 1, 2, 3 zai ga na'urori da yawa sun jera 1, sai 10, sai 100, sai 101, Baƙara ta koma can ƙasa, don harafi-harafi suke karantawa ba ƙidaya ba. Sai an rubuta 001, 002, 003 jerin ke tafiya daidai. Haka tafsirin azumi na Sheikh Abubakar Gumi ko Sheikh Ja'afar Mahmud Adam: in ba a sa shekara da lambar zama a gaban sunan ba, sai darasin ranar ashirin ya riga na ranar uku. Abin lura shi ne masu harkar karatu sun fi masu harkar waƙa tsari nesa ba kusa ba, don sun gaji jeri tabbatacce da ba mai jayayya a kansa.

Kada kuma a manta ba kowa ke sauraro da babbar waya ba. A ƙauyukan Shagari da Boɗinga ƙaramar rediyo mai cin memori da waya mai madannai sun fi yawa a hannun manya da mata. Rediyon nan lamba kawai take nunawa, wata ma ba ta nuna komai, kuma da yawa daga cikinsu bin jerin yadda aka zuba fayilolin suke yi, ba jerin suna ba. Mai ita haddace lambobin yake: Narambaɗa daga 40 yake farawa, wa'azi daga 112. Ranar da aka ƙara masa sababbi aka sake zubi, haddarsa ta rushe. Duk tsarin da bai yi la'akari da wannan mai sauraro ba, na 'yan birni ne.

Hanyoyin da waƙa ke bi daga hannu zuwa hannu su ma suna cin sunanta. Wadda aka tura ta WhatsApp a matsayin sauti tana isa da sabon suna, AUD da kwanan watan turawa da lamba, amma in aka tura ta a matsayin takarda sai ta isa da sunanta. Xender da Bluetooth ba sa taɓa suna, sai dai kowanne foldarsa yake zubawa, ba ruwansa da inda ka so ta zauna. Wadda aka tatso daga bidiyon YouTube kuwa da taken bidiyon take zuwa, har da kirarin mai tashar da roƙon a danna masa ƙararrawa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi labarin Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kiɗan jita. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da su, waya da memori ne suka ɗauke su har arewacin Mali. A Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da su yana musayar waƙoƙi da matasan garin, ya sa ɗaya a faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara. Fayilolin ba su zo da cikakken bayani ba, sai da ya yi ta cigiyar masu waƙoƙin don a biya su haƙƙinsu. An dace aka gano Mdou, yau kuma yana wasa a manyan dandalolin Turai da Amurka. Waƙa maras suna ba ta kai wa mai ita ko sisi, ba ta kai masa ko yabo. Ana yawan zargin 'yan daunlodin da cinye gumin mawaƙa da 'yan fim, kuma zargin na da tushe. Sai dai ɓatar da sunan mai waƙa asara ce ta biyu da ba a cika magana a kanta ba.

Wani zai ce duk wannan maganar jiya ce, tunda ga Boomplay da ya fara aiki a Nijeriya a 2015, ga Audiomack, ga Spotify da ya shigo a 2021, kowanne da waƙoƙi a jere tsaf. Ga matashin da ke bin sababbin waƙoƙi, haka ne. Amma sauraro ta intanet data yake ci kowace rana, memori kuwa sau ɗaya ake biya. Sabis ma ba shi da tabbas. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, kuma a makonnin nan wanda bai da abu a memori bai da abin ji sai rediyo. Ga shi kuma abin da ke kan waɗannan dandamali na tsofaffin makaɗa, wani ne ya kwaso daga irin memorin nan ya ɗora, da kurakuran sunan da komai. Manhajar Shazam mai gane waƙa da jin sautinta, wadda aka yi wa rajista kawai take ganewa. Ka kunna mata kiɗan noman da aka ɗauka a gayya, shiru za ta yi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a wannan yanki ne aka fi ko'ina sanin darajar rubuta asalin abu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kuma shi Abdullahi littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta. Masu kwafar littattafai na zamanin kan rufe aikinsu da sunan mawallafi da nasu. Marubuta waƙa kuma kan saka sunansu da shekarar da suka yi ta, ta hanyar ramzi, a baitocin ƙarshe, yadda duk inda waƙar ta je bayaninta na jikinta. Makaɗan baka ma haka suke: a cikin waƙa makaɗi ke faɗin sunansa da garinsu da ubangidansa da kakannin ubangidan. Bayanin na nan, kunne ke ɗaukarsa, na'ura ce ba ta ji. Aikin da ya rage shi ne wanda ya ji ya rubuta.

Rubutattun waƙoƙi ma na da nasu haƙƙin. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin nan da ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, tun yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya don koya wa ɗalibai labarin ƙasa. Idan yau wani mai zaƙin murya ya rera ta aka ɗauka, sunan wa za a sa a gurbin mawaƙi? Haka Infiraji ta Aliyu Namangi da muryoyi barkatai suka rera. Sabon tsarin ID3 ya ware gurbin marubuci dabam da na mai rerawa, amma da wuya ka ga wanda ya cike shi, sai a wayi gari yara na danganta waƙa ga wanda ya ari bakinta.

To, mene ne abin yi? Ba jiran wata manhaja ta Hausa ba ne, ko da yake da an yi ta da an ji daɗi. Waɗanda ake da su za a lanƙwasa. Folda ce farko, don ita kowace na'ura ke ganewa, daga laftof har rediyon tsohuwa: karatu dabam, wa'azi dabam, waƙa dabam, a cikin waƙa kuma kowane makaɗi da ɗakinsa, da suna guda da aka tsayar ba tare da Alhaji ko Marigayi a gaba ba. Sunan fayil ya ɗauki makaɗi da wanda aka yi wa waƙar da abin da ya bambanta wannan ɗauka da sauran, ko da "ta rediyo" ne ko "ta biki" ko "doguwa". A bayanin ciki kuwa, gurbin faifai da ba shi da amfani ga waƙar baka sai a ba wa ubangida ko rukuni, yadda mai neman duk waƙoƙin da aka yi wa Sardauna, na Ɗanƙwairo da na Shata da na sauran, zai same su a shafi guda. Gurbin nau'i yanzu yana karɓar kowane rubutu, don haka ba abin da ya hana a rubuta fada ko dambe ko noma ko siyasa ko amada. Gurbin ƙarin bayani ya ɗauki abin kiɗa da inda aka samo. Shekara kuwa, in ba a tabbatar ba a bar ta fayau. Gurbi maras komai ana iya cike shi gobe, amma shekarar ƙarya da ta shiga waya dubu ba mai iya kiran ta ta dawo.

Kayan aikin kyauta ne. Mp3tag a kwamfuta na gyara ɗaruruwan fayiloli a lokaci guda, har ya iya kwashe sunan waje ya zuba a ciki. Musicolet a waya ba ya buƙatar intanet kuma yana gyara bayani. VLC na barin mutum ya bi foldarsa yadda ya shirya ta. Jerin zaɓi, irin wanda direba ke haɗawa don tafiyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, ba kwafar waƙoƙi yake ba, adireshinsu kawai yake riƙewa, don haka a gama gyaran sunaye kafin a haɗa shi, in ba haka ba ya watse. Bayan duk wannan a ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam. Kasuwa cike take da memori na jabu da aka rubuta wa giga 32 alhali bai kai ba, ga kuma ƙwayar cutar kwamfuta mai ɓoye folda ta bar inuwarta, wadda ta sa mutane da yawa suka wanke memori suna zaton komai ya tafi.

Na san mai tura waƙa ɗan kasuwa ne, ba ma'aikacin ɗakin karatu ba, kuma ba wanda zai biya shi ladan zaman gyaran suna. Amma ribarsa na ciki: wanda ke fito da waƙa cikin minti ɗaya ya fi mai lalube na minti goma samun ciniki ranar kasuwa. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne tantancewa, wato wace ɗauka ce wannan, a ina aka yi ta, wane Sarkin Gobir ake nufi, wane ɗan dambe ne aka ambata a ɗa na uku. Masu wannan sanin tsofaffi ne, da tsofaffin ma'aikatan rediyo, da iyalan makaɗan da 'yan amshinsu da suka rage, kuma kullum raguwa suke.

Wannan kason na cibiyoyin Sakkwato ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da ya yi littafi a kan Narambaɗa ya koyar, na da masana waƙar baka, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, ga Rediyon Rima da tsofaffin faya-fayanta. Kundin MusicBrainz da manhajoji da yawa ke ɗebo bayani daga cikinsa a buɗe yake tun 2000, kowa na iya shigar da mawaƙi da waƙoƙinsa ba tare da biyan ko kwabo ba. Kowace shekara ɗaliban Hausa na rubuta kundin kammala karatu a kan makaɗa, su tattaro waƙoƙi su juye su a takarda, a ba su maki, fayilolin sautin kuma su tafi da wayar ɗalibin. Malaman sassan Hausa su sa sharaɗi: duk wanda ya yi nazarin makaɗi ya miƙa sautin waƙoƙin tare da kundinsa, kowace da sunan makaɗi da wanda aka yi wa ita da abin kiɗa da wanda aka samo ta a hannunsa, sannan a bai wa masu tura waƙa na Shagari da Boɗinga da sauran garuruwa kwafin jerin sunayen su yi aiki da shi.